Mene ne turbo? Zugazugin injin dizal da tseren filin gishiri

Duk mai zama a gareji ko tashar manyan motoci ya saba jin kalmar turbo. Tirela ta kasa hawa tudu, direba ya ce turbo ya mutu. Dillalin mota ya buga bayan Hilux ya ce ai wannan mai turbo ce, sai kuɗinta ya ƙaru. Mutane da yawa sun ɗauka ma'anar kalmar ita ce gudu, ko kuwa wani ƙaramin inji ne da ake ƙara wa babban. Ba haka ba ne. Turbo ba ya ƙona mai, ba ya juya taya. Aikinsa ɗaya ne tak, ɗura wa inji iska.

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya riga ya fahimci rabin zancen. Ko an cika murhu da gawayi, wuta ba ta yin jan da zai tausasa ƙarfe sai yaron maƙeri ya kama zugazugi. Gawayin bai ƙaru ba, iska ce ta ƙaru. Injin mota ma wuta ce ake kunnawa a cikin silinda sau dubbai a minti ɗaya, kuma abin da ke taƙaita ta ba mai ba ne, domin ƙara mai abu ne mai sauƙi. Kafin lita ɗaya ta man dizal ta ƙone sarai tana buƙatar iska kusan lita 10,000. Idan aka tura man da ya fi ƙarfin iskar da ke cikin silinda, ragowar ba ya zama ƙarfi, baƙin hayaƙi yake zama. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana yabon motar da ke turnuƙe titi da hayaƙi wai tana da ƙarfi. Wannan mai ne aka saya da kuɗi yake fita ta salansa bai yi aikin komai ba, ga shi kuma yana shiga huhun mai tallar ruwa da ɗan makarantar da ke bakin hanya.

Injin dizal, wanda Rudolf Diesel ya kammala na farkonsa mai aiki sosai a Jamus a 1897, ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, shi ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar nozul ya fesa shi. Wannan ƙonewar na buƙatar ɗan lokaci, saboda haka injin dizal ba ya iya juyawa da sauri irin na fetur. Na ƙananan motoci ba kasafai yake wuce juyi 4,500 zuwa 5,000 a minti ba. Tunda ba zai iya yawaita numfashi ba, hanyar da ta rage ita ce kowane numfashi ya zama mai nauyi. Nan turbo ya shigo.

Idan aka buɗe shi, farfela biyu ne a kan sandar ƙarfe ɗaya, kowace a cikin gidanta mai kama da katantanwa. Hayaƙin da inji ya fitar, wanda da ma zai tafi a banza, shi ke bugun farfela ta farko. Tana juyawa sai ta juya 'yar uwarta, ita kuma ta zuƙo iskar waje ta cusa ta cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, aka ƙara mai, wuta ta ƙaru, hayaƙi ya ƙaru, farfela ta ƙara sauri. Ƙaramin turbo kan wuce juyi 150,000 a minti, wannan shi ne fiton da ake ji idan direba ya taka totur. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa dabarar rajista tun 1905, amma sai da aka samu ƙarfen da ke jure irin wannan zafi kafin ta yaɗu a motoci.

Matsala biyu ke biye da shi. Iskar da aka matse tana yin zafi, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi, don haka ake bi da ita ta cikin wani abu mai kama da lagireto ya sanyaya ta kafin ta shiga silinda. Ta biyu ita ce jinkiri: idan inji na tafiya a hankali hayaƙinsa bai isa ya juya farfela ba, sai direba ya taka ya ɗan jira kafin ƙarfin ya zo.

Wurin da na fi ganin ma'anar turbo a fili shi ne Bonneville, wani shimfiɗaɗɗen filin gishiri a jihar Utah ta Amurka, kusa da garin Wendover. Tsohon tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, ya bar farin gishiri mai tauri iyakar ganin ido, ba tudu ba kwari. A nan ɗan tseren Birtaniya Malcolm Campbell ya fara haye mil 300 a awa da mota a 1935. Tun 1949 kuma ƙungiyar masu auna gudun motoci ta kudancin Kalifoniya, SCTA, ke shirya taron mako guda a watan Agusta, inda ɗaruruwan motoci da babura ke zuwa.

Tseren nasu ba irin wanda aka sani ba ne. Babu abokin karawa a gefenka, babu kwana, babu wanda zai wuce ka. Mota ɗaya ake saki a kan miƙaƙƙen layi, ta samu mil biyu tana tattara gudu, sannan na'urori su fara auna lokacin da take ɗauka ta cinye kowane mil. Gudu ɗaya kuma ba ya zama tarihi. A dokar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, sai an tafi an dawo cikin awa ɗaya, a ɗauki matsakaicin biyun, don kada iskar da ke bayan mutum ta yi masa aiki. A taron watan Agusta kuwa, motar da ta zarce tarihin ajinta killace ta ake yi ta kwana, da sassafe ta sake gwadawa, a haɗa a raba. Daga nan alƙalai su auna girman injin don tabbatar da cewa ba a shigar da babba ajin ƙanana ba.

Abokin faɗa a wannan fili iska ce, kuma lissafinta ba shi da tausayi. Idan ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska ninkuwa take yi sau huɗu, ƙarfin da kake buƙata don ketawa cikinta kuma sau takwas. Motar da ke cinye ƙarfin doki 25 wajen keta iska a kilomita 120 sai ta samu 200 kafin ta yi kilomita 240. To ga kuma wani abu: Bonneville na bisa tsayin mita 1,280 daga saman teku, ba shi da nisa da tsayin garin Jos. Direban da ya taɓa hawa Filato da tsohuwar motar da ba ta da turbo ya san yadda take yin sanyi tana huci. A irin wannan tsayi nauyin iska na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin bakwai, zafin Agusta kuma ya ƙara sirance ta. Injin da ke shaƙa da kansa yana rasa ƙarfi daidai gwargwado. Mai turbo kuwa farfelarsa ce za ta ƙara juyi ta cike mafi yawan giɓin, alhali jikin motar na ratsa iska mara kauri. Riba biyu ke nan. Jinkirin nan da ke damun direba a cikin gari ma ba shi da wani tasiri a filin da za a taka totur har ƙasa a riƙe shi mil biyar. Shi ya sa masu tseren ke iya ɗaura wa ƙaramin inji ƙaton turbon da ba zai yi amfani a titi ba, ko su jera biyu, babba ya matse iska ya miƙa wa ƙarami ya sake matsewa.

Motar da ta fi nuna iyakar wannan dabara ita ce JCB Dieselmax. Kamfanin JCB na Ingila motocin haƙa ƙasa yake yi, irin masu launin rawaya da ake gani a wuraren aikin hanya. Injinsu mai silinda huɗu, mai girman cikin silinda lita 4.4, wanda aka ƙera don ya wuni yana kwasar ƙasa, shi suka ɗauka guda biyu, suka faɗaɗa kowanne zuwa lita 5. Tare da injiniyoyin kamfanin Ricardo suka sa masa turbo hawa biyu, har iskar da ke shiga ta kai kusan ninki shida na nauyin wadda muke shaƙa. Injin da bai kai ƙarfin doki 150 ba a wurin aiki sai ga shi yana ba da 750. Ɗaya na jan tayoyin gaba, ɗaya na baya. Ba su sa lagireton da ke buƙatar ƙofar iska a gaban mota ba, domin ƙofar za ta ci musu gudu, sai suka cika tanki da ƙanƙara ya shanye zafin na 'yan mintunan da ake buƙata. Tarakta ce ma ke tura motar daga baya har ta ɗan tashi, saboda giyarta ta farko ta yi tsawon da ba za ta iya motsawa daga tsaye ba.

Ranar 23 ga Agusta, 2006, Andy Green, matuƙin jirgin yaƙin Birtaniya wanda ya haye saurin sauti da mota a hamadar Nevada a 1997, ya kai ta mil 350.092 a awa, wato kilomita 563. Tarihin dizal da ya rusa tun kwana ɗaya kafin nan na Virgil Snyder ne, mil 235.756, wanda ya tsaya shekara 33 tun daga 1973. Kuma ba inji ne ya gaji ba, tayoyin ne ba a tabbatar da cewa za su jure fiye da haka ba.

Duk da haka, ƙananan injuna ne suka fi burge ni. A 1980 kamfanin Volkswagen ya kai wata siririyar mota mai suna ARVW da'irar gwaji ta Nardo a kudancin Italiya. Tsayinta daga ƙasa santimita 84 ne, da kyar ta kai ƙugun mutum. Injinta na dizal lita 2.4 ne mai turbo, ƙarfinsa bai kai doki 180 ba, amma ta yi kilomita 362 a awa. Akwai motocin hawa da yawa a titunanmu yau da suka fi ta ƙarfi, ba kuwa za su yi kusa da wannan gudu ba, domin ita an sassaƙa jikinta ne yadda iska ba ta samun abin kamawa. A 2003 Opel ya sake saukowa ƙasa da injin lita 1.3, mai ƙarfin doki 112, a motar Eco-Speedster. Ta wuce kilomita 250 a awa, ta kafa tarihi 17 a rukuninta.

A Bonneville an yi wa irin waɗannan tanadi. Ana kasa motoci gwargwadon siffar jiki, irin mai, da girman inji, tun daga manyan da suka wuce lita 8 har zuwa na rabin lita. Saboda haka mutumin da ya ciro ƙaramin injin dizal daga tsohuwar mota ko tarakta, ya shekara yana walda a garejin gidansa, yana da layin da zai shiga, kuma alƙalai za su auna masa da na'urar da suke auna wa kamfani. Ba a ba da kuɗi. Abin da ake samu shi ne suna a littafin tarihi, wanda kuma ya kafa tarihi sama da mil 200 a awa ya samu jar hula. A ajin ƙananan injuna kowane doki ɗaya da daraja, don haka nan ne ake ganin gwanintar bakanike: ya san yawan man da zai buɗe, lokacin da nozul zai fesa, girman turbon da zai dace, da kuma yawan nauyin da zai ɗora wa mota don taya ta kama, tunda gishiri ba ya riƙe taya kamar kwalta. Filin kansa yana cikin wani hali. Kaurin gishirin ya ragu ƙwarai, masu tsere na ɗora laifi a kan haƙar sinadarin taki da ake yi daga ruwan gishirin ƙarƙashinsa, kuma an soke taron a 2014 da 2015 da 2022 saboda ruwa da lalacewar fili.

Abin da ya fi kashe injuna a can zafi ne. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuma na narkewa a digiri 660, alhali hayaƙin injin tsere na wuce haka nesa. Man juye da ake fesa wa fistin ta ƙasa da iskar da ke shigowa da sanyi ne ke hana shi narkewa. Shi ya sa idon direba ke kan ma'aunin zafin hayaƙi, wasu kuma ke fesa ruwa cikin iskar da ke shiga. Akwai kuma abin da kowane mai dizal ya kamata ya ji tsoro: idan turbo ya fara yoyon man juye zuwa cikin inji, injin na iya komawa ƙona shi a matsayin mai, ya yi ta hauhawa ko an zare mabuɗi. Ba abin da ke tsayar da shi sai toshe masa iska, don haka ake sa wa motocin tsere murfi a bakin hanyar iska wanda direba zai rufe nan take.

Datti ma na yin nasa. A 1952 motar dizal ta kamfanin Cummins, mai turbo, ta fi kowa gudu a gwajin share fagen tseren Indianapolis na Amurka, direbanta Fred Agabashian ya samu gurbin farko. Amma an sa bakin turbon a ƙasa, kusa da kwalta, ya yi ta zuƙar ɓarɓashin roba har ya toshe, motar ta fita tun ba a kai rabin tseren ba. Ƙurar hunturu a hanyar Maiduguri ko Agadas aiki iri ɗaya take yi wa farfelar da ke juyi dubu ɗari da wani abu, tana cin bakinta kamar magagari. Direban da ke kaɗe matatar iska ya mayar maimakon ya canza ta, ko yake kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, shi ke komawa kasuwar kayan motoci ta Ƙofar Ruwa a Kano neman wani turbon. Sandar farfelar a kan man juye take shawagi, kuma da zarar inji ya tsaya man ya daina zuwa, ragowar da ke wurin ya soye a jikin ƙarfe mai zafi. Minti ɗaya ko biyu da za a bar inji yana aiki a hankali kafin a kashe shi ya isa zafin ya sauka.