Mai ciwon suga da gwajin jinin zuciya: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Me ya haɗa ciwon suga da zuciya?

Suga idan ya daɗe yana hawa, tsokar zuciya takan yi tauri, ta kasa sakewa ta cika da jini yadda ya kamata. Tun 1974 binciken Framingham na Amurka ya nuna gazawar zuciya ta ninka kusan sau biyu ga maza masu suga, sau biyar ga mata. Ba sabon zance ba ne.

Ai ni lafiyata lau, ba haki, ba kumburin ƙafa.

To ai saboda irinka ake gwajin. Kafin ƙafa ta kumbura, aiki ya yi nisa.

Wane gwaji zan ce a yi min?

NT-proBNP, ko ɗan'uwansa BNP. Zuciya ce ke sakinsu cikin jini idan matsi ya yi wa bangonta yawa. Akwai kuma troponin, mai fita idan tsokar ta ji rauni. A 2022 ƙungiyar ciwon suga ta Amurka, ADA, ta ba da shawarar a riƙa auna ɗaya daga cikinsu duk shekara.

HbA1c ɗina ya yi kyau, bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. Shi labarin sugan wata uku yake bayarwa, ba na zuciya ba.

Sai na ƙi cin abinci kafin a ɗibi jinin?

A'a, ci abinka.

Sakamakona ya nuna 180. Zuciyata ta lalace ke nan?

Kwantar da hankalinka, a fara duba wane gwaji aka yi. Ga wanda ba ya jin komai, iyakar NT-proBNP ita ce 125 pg/mL, ta BNP kuma 50. Wato 180 a NT-proBNP ya ɗan haura ne kawai, a BNP kuwa ya ninka iyaka fiye da sau uku. Mutane na haɗa su, kuma kuskure ne babba.

Sai a dubi mai jinin. Lambar na ƙaruwa da shekaru, don haka 180 a NT-proBNP ga dattijo ɗan 75 ba lallai ya zama abin tashin hankali ba, amma ga ɗan 40 abin bincike ne. Raunin ƙoda na ɗaga ta, kuma masu suga da yawa ƙodarsu ta taɓu ba su sani ba. Shi ya sa bai kamata a karanta ta ba tare da awon kiriyatinin (mai nuna aikin ƙoda) da na furotin a fitsari ba. Bugun zuciya marar tsari, ƙarancin jini da zazzaɓi mai tsanani duk suna iya ɗaga ta. Ƙiba kuma saukar da ita take yi, wannan ne tarkon: mai teɓa zai iya samun 100 a NT-proBNP alhali zuciyarsa na wahala. Wanda ke shan Entresto, wani maganin gazawar zuciya, a yi masa NT-proBNP, domin maganin na iya ɗaga BNP.

Saboda haka lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Idan ta haura, a yi hoton zuciya na eko, a ga kaurin bango da yadda take matsewa da sakewa. Idan a bakin iyaka take, likita na iya cewa a maimaita bayan wasu watanni, kuma ya fi kyau a koma ɗakin gwaji ɗaya.

In saya Jardiance a kemis in fara sha?

Kul! Gaskiya ne magungunan suga irin su empagliflozin (wato Jardiance) da dapagliflozin suna rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya, amma sai an auna ƙoda, kuma suna sa yawan fitsari da ƙaiƙayin gaba. Maimakon haka, daina shan diclofenac da ibuprofen kullum don ciwon jiki, suna tara ruwa a jiki. Idan kana kan pioglitazone ko saxagliptin, magungunan suga da ka iya ƙara haɗarin gazawar zuciya, tuna wa likitanka, kada ka yanke da kanka.

Idan na kasa kwanciya saboda haki sai na jingina da matashi uku fa?

Ba gwajin shekara-shekara kake jira ba. Tafi asibiti yau.