Lambar Yabon da Jami'a ke Ba Tsofaffin Ɗalibanta da Suka Yi Fice a Duniya: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙarshen kowace shekarar karatu, ɗalibai Hausawa da ke Jami'ar Musulunci ta Madina sukan haɗa kuɗi su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari domin yi wa waɗanda suka kammala walimar bankwana. A ta bana, bayan an kwashe farantan shinkafar kabsa an kawo gahawa da dabino, wani ɗalibi ya karanto daga wayarsa labarin wata jami'a a Amurka da ta karrama tsohon ɗalibinta saboda aikin da ya yi a wata nahiya, daga nan hira ta karkata kan wannan batu har dare ya raba. Na tattara tambayoyin da aka fi nanatawa a wannan zama, na kuma ba da amsa daidai gwargwado.

Wace irin lambar yabo ce wannan, kuma wa ake ba?

Karramawa ce da jami'a ke yi wa mutumin da ya yi karatu a cikinta, ya fita ya yi shekaru yana aiki, har amfanin aikin nasa ya tsallake iyakar ƙasa guda. Sharaɗinta na farko shi ne mutum ya taɓa zama ɗalibin wannan jami'a, kuma wannan sharaɗi ba ya ɗaguwa komai girman mutum. Jami'o'in Amurka da Ingila ne suka fi shahara da ita. Jami'ar Illinois, alal misali, tana da lamba ta musamman mai ɗauke da sunan Madhuri da Jagdish Sheth, wadda take ba tsofaffin ɗalibanta 'yan ƙasashen waje da suka yi zarra a fagensu, suka kuma amfani ƙasarsu ko duniya baki ɗaya. Abin da ake miƙawa yawanci allo ne mai rubutu ko lambar ƙarfe, tare da gayyata zuwa jami'ar domin gabatar da lacca. Kuɗi, idan ma akwai, ba su taka kara sun karya ba.

Shin ba ita ce digirin girmamawa da muka saba gani a gida ba?

A'a, akwai tazara tsakaninsu. Digirin girmamawa ana iya ba wanda bai taɓa zama a ajin jami'ar ba, ana sa masa riga da hula a ranar yaye ɗalibai, kuma sau da yawa daga ranar sai ka ji ana kiransa Dakta. Lambar tsofaffin ɗalibai kuwa ba ta ƙara wa mutum laƙabi, ba ta kuma sauya matakin karatunsa. Dalilin da ya sa mutanenmu ke kallon kowace karramawar jami'a da ido ɗaya sananne ne, domin an ga yadda digirin girmamawa ya koma abin da masu kuɗi da masu mulki ke samu cikin sauƙi, har ta kai shugabannin jami'o'in Najeriya suka taru a Keffi a shekarar 2012 suka amince a daina ba masu riƙe da muƙaman gwamnati wannan digiri muddin suna kan kujera. A ganina lambar tsofaffin ɗalibai ta fi wuyar gurɓatawa, saboda an taƙaita ta ga 'yan gida, kuma abokan karatun mutum suna raye, sun san ko ya cancanta ko bai cancanta ba.

Me ake nufi da cewa mutum ya yi fice a duniya? Sai ya zauna a Turai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jan hankalin masu shirin komawa gida, kuma misalin da ya fi dacewa da ita yana maƙwabtaka da mu, a Sudan. Gebisa Ejeta ɗan ƙasar Habasha ne da ya tashi a ƙauye, ya yi digirinsa na uku a fannin inganta iri a Jami'ar Purdue ta Amurka a shekarar 1978. Da ya kammala, sai ya nufi Sudan ya duƙufa kan binciken dawa, abincin da talakan can da na ƙasar Hausa suka dogara da shi. A shekarar 1983 aka fitar da irin da ya samar, wanda ake kira Hajin Dura 1, mai jure ƙarancin ruwa, mai kuma ba da yabanya fiye da irin gargajiya. Daga baya ya koma Purdue yana koyarwa, ya juya kan ciyawar nan da muke kira wuta-wuta ko ƙuduji, wadda mutanen Sudan ke ce wa buda, wadda ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta tun kafin ta ɓullo sama manomi ya gan ta. Ya gano yadda saiwar dawa ke fitar da sinadarin da ke tayar da ƙwayar ciyawar, ya kuma samar da nau'o'in dawa masu iya tsayawa gabanta. Saboda waɗannan ayyuka biyu aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a shekarar 2009.

Wanda ya lura zai ga cewa aikin farko da ya ɗaga sunan wannan mutum an yi shi ne a gonakin gwaji na Sudan, cikin rana da ƙura, tsakanin manoma. Abin da masu tantancewa ke dubawa shi ne inda amfanin aiki ya kai da yawan waɗanda ya shafa. Likitan da ya ƙirƙiro hanyar magance wata cuta a asibitin karkara, har ƙasashe maƙwabta suka kwaikwaya, ya fi cika wannan sharaɗi a kan wanda ya shekara ashirin a wani babban ofis a Landan ba tare da wani ya san abin da ya tsinana ba.

Kyautar Sarki Faisal tana cikin wannan rukuni?

Ba ta ciki, ko da yake ita ce ta fara zuwa bakin mutane a wannan dare. Gidauniyar Sarki Faisal ce ke bayar da ita daga Riyad, an kuma fara bayarwa a shekarar 1979. Fannoninta biyar ne: hidima ga Musulunci, nazarin addinin Musulunci, harshen Larabci da adabinsa, likitanci, da kimiyya. Kowane fanni yana ɗauke da riyal 750,000, da lambar zinariya mai nauyin giram 200, da takardar shaida. Ba a tambayar inda mutum ya yi karatu. Sai dai jami'o'i suna da hannu a ciki ta wata fuska, domin daga gare su da cibiyoyin ilimi ake karɓar sunayen waɗanda ake ganin sun cancanta, ba a karɓa daga ɗaiɗaikun mutane ko jam'iyyun siyasa.

Sunaye biyu a jerin waɗanda suka samu sun shafe mu kai-tsaye. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya karɓe ta a shekarar 1987 a fannin hidima ga Musulunci. Shi ma ya taɓa zama ɗalibi a ƙasar waje, domin ya yi karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950, kuma fassararsa ta Alƙur'ani zuwa Hausa a nan Madina aka yi ta buga ta a maɗaba'ar Sarki Fahad. Na biyu shi ne Farfesa Abdullahi Ɗayyib, masanin adabin Larabci ɗan Sudan, wanda ya samu a shekarar 2000. Dattawan Kano sun san shi, domin ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a farkon kafuwarta, wadda ita ce ta zama Jami'ar Bayero.

Mene ne ribar jami'a a cikin wannan al'amari?

Ribarta ba ƙarama ba ce, kuma ba laifi a faɗi hakan a fili. Tsohon ɗalibin da ya yi suna shi ne tallar da ba a biya ba, domin uba mai neman inda zai tura ɗansa ya fi gamsuwa da ganin mutum a kan karanta ƙasida. Akwai kuma batun gudummawa, musamman a Amurka inda manyan jami'o'i ke tara dukiya mai yawa daga hannun tsofaffin ɗalibansu, kuma wanda aka karrama a bainar jama'a ba ya cika mance ƙofar gidan. Na uku shi ne jadawalin jami'o'in duniya. Jadawalin Shanghai, wanda aka fara fitarwa a shekarar 2003, yana ware kashi 10 cikin 100 na makinsa ga yawan tsofaffin ɗaliban jami'a da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi. Lokacin da Farfesa Umar Yaghi, haifaffen Amman wanda Saudiyya ta ba shaidar zama ɗan ƙasa a 2021, ya ci Nobel a fannin sinadarai a shekarar 2025, an yi murna sosai a nan, amma makin tsohon ɗalibi yana komawa ne ga makarantun da suka yaye shi a Amurka, ciki har da Illinois inda ya yi digirinsa na uku a 1990. Shekara goma kafin Nobel ɗin, a 2015, ya riga ya karɓi Kyautar Sarki Faisal a fannin kimiyya.

Ta yaya ake zaɓen wanda za a ba?

Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana buɗe ƙofa na 'yan watanni, wani malami ko abokin karatu ko reshen ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ya gabatar da suna, a haɗa da tarihin aikin mutum da wasiƙun shaida daga waɗanda suka ga aikin da idonsu, sannan kwamiti ya zauna ya tace. A wasu wuraren mutum yana iya gabatar da kansa. Haka abin yake a lambobin da hukumar British Council ke ba waɗanda suka yi karatu a jami'o'in Birtaniya suka koma ƙasashensu, waɗanda ake shirya bikinsu a ƙasashe da dama har da Saudiyya da Najeriya, inda ake duba fannoni irin su kimiyya, kasuwanci, al'adu da taimakon al'umma.

A nan ne na taɓa jin kunya. Wasu shekaru da suka wuce, mu uku muka yi niyyar gabatar da sunan wani malaminmu ga jami'ar da ta yaye shi, mutumin da ya kafa makarantu a ƙasashe biyu, ɗalibansa kuma suna limanci da koyarwa a garuruwan da shi kansa bai taɓa zuwa ba. Da muka zauna cike takardar, sai aka tambaye mu shekarar da aka buɗe kowace makaranta, da adadin waɗanda suka sauke karatu, da sunayen mutum uku da za su ba da shaida a rubuce. Muka buga waya gida, aka ce rajistar farko gara ta cinye, wanda ya san lissafin kuma ya rasu. Kowa ya yarda malam ya yi aiki, amma babu wanda ya iya faɗin ko ɗalibai ɗari biyar ne ko dubu biyar. Wa'adi ya cika takardar tana kan tebur.

Wani ɗalibin Kulliyyar Hadisi ya ce: Akaramakallahu, neman irin wannan yabo ba zai ɓata ikhlasi ba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce ke hana da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga makarantun addini ko da kallon wannan ɓangare. Ya kamata a raba abu biyu. Wanda ya yi aiki domin a yaba masa, matsalarsa tana cikin niyyarsa tun kafin a zo maganar lamba. Wanda kuwa ya yi domin Allah, daga baya mutane suka gani suka yaba, an tambayi Manzon Allah (SAW) game da irinsa a hadisin Abu Zarri da ke cikin Sahihu Muslim, ya ce wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, wanda ke nuna cewa nauyin godiya yana kan waɗanda suka amfana. Shi ya sa na fi karkata ga tsarin da wasu ke gabatar da mutum a kan wanda yake gabatar da kansa. Al'adar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ijazar da malami ke rubuta wa almajirinsa, da takardar tazkiyya da kowannenmu ya haɗa cikin takardunsa kafin a ɗauke shi a Jami'ar Madina, dukkansu shaida ce ta wani a kan cancantar wani.

To, mu da muka yi karatu a Madina ko Khartum, ina matsayinmu?

Ta fuskar aikin da ke tsallake iyaka, waɗannan jami'o'i ba su da na biyu a wurinmu, domin an gina su ne tun asali saboda baƙi. An kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a shekarar 1961, kuma mafi yawan ɗalibanta daga wajen Saudiyya suke zuwa. Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum ta fara ne a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka kafin ta zama cikakkiyar jami'a a farkon shekarun 1990, ta kuma yaye ɗimbin 'yan Najeriya da Nijar da Chadi. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya bi ta cikin su biyun, kuma kafin a kashe shi a Kano a watan Afrilun 2007, tafsirinsa na Ramadan a Maiduguri ya riga ya kai duk inda ake jin Hausa, daga Agadas zuwa Kumasi har unguwannin Hausawa na Makka da Jidda.

Abin da ke hannunmu shi ne adana bayani, kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke gida su ne suka fi dacewa da wannan aiki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara nuna gaggawar lamarin, domin an kwashe ɗalibanmu ta Masar da Port Sudan, wasu da jaka ɗaya kawai, harabobin jami'o'in Khartum kuma suka zama fagen fama, ta yadda samun kwafin takardar shaida ma ya zama wahala ga mutane da yawa. Kafin a tashi daga istirahar, an wakilta mutum biyu daga cikin masu komawa gida su buɗe rajista mai ɗauke da sunan duk wanda ya kammala daga jiharsu, da shekarar kammalawarsa, da garin da yake aiki a yanzu, da makarantu ko asibitoci ko rubuce-rubucen da suka fito daga hannunsa, a kuma ajiye kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya a nan Madina.