Faɗuwar Babur a Tsaye da Lokacin Tafiyar Hankali

Faɗuwar babur a tsaye ita ce kifewar da mashin ke yi a gefensa alhali yana kafe, ko mai shi ya tsaya da shi, ko yana tura shi, ko kuma yana tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba. Ta bambanta da haɗarin hanya, wanda gudu da karo ke haddasawa. A nan babu wanda ya bugi wani, nauyin mashin ne kawai ya rinjayi mai riƙe da shi. A Zariya, inda babur ke ɗauke da ɗalibi da malami da ɗan kasuwa da ɗan acaɓa tsakanin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, da wuya a sami wanda ya daɗe yana hawa bai taɓa kayar da mashin ta wannan hanya ba. Ana raina ta don ba ta cika jawo taron jama'a ba, amma tana karya ƙafa, tana ƙona ƙwauri, tana kuma cinye kuɗin da mai acaɓa ya wuni yana nema.

Dalilin rinjayar

Babur ba ya tsayuwa da kansa. Idan yana tafiya, yadda aka karkata ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba yana sa kan mashin ya riƙa gyara kansa, yana komawa ƙarƙashin nauyin duk lokacin da ya ɗan kwanta, juyawar tayoyi kuma tana taimakawa. Yaron da ke gara taya da sanda ya san wannan: muddin tana gudu tana tsaye, tana rage gudu sai ta fara tangaɗi. Da zarar tafiya ta koma ta hankali, wannan taimako ya ƙare, abin da ya rage shi ne ƙafar mahayi ko jak, wato ƙarfen da ake kafe mashin da shi.

Ƙananan baburan da suka cika gari, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, nauyin mafi yawansu ya kai kilo 100 ko ya ɗan haura, manyan babura kuwa suna wuce kilo 200. Idan mashin yana miƙe sosai, tayoyi ne ke ɗauke da wannan nauyi duka, hannu ɗaya ma ya isa ya riƙe shi. Yana fara karkata sai nauyin ya riƙa komowa kan ƙafa da hannun mai riƙo, kuma ƙaruwarsa da sauri take. Akwai matakin da idan karkatar ta wuce shi, ƙarfin mutum ba ya dawo da shi. Duk abin da ke sama, kamar cikakken tanki ko fasinja ko buhu, yana sa a kai wannan mataki da wuri.

Jak da wurin kafewa

Jak da wurin kafewa su ne ke yawan kayar da mashin ba tare da kowa a kansa ba. Ƙaramin jak yana gefen hagu, kuma ba ya riƙewa sai an tura shi gaba har ƙarshe. Mai sauri yakan shure shi da dunduniya, ya saki mashin ba tare da ya duba ba. Idan jak ɗin ya tsaya rabin hanya, nauyi na sauka a kansa sai ya naɗe. Akwai kuma wanda hankalinsa ya tafi ga waya ko ga gaisawa da wani, ya sauka bai sauke jak ba sam, ya jingina mashin da iska.

Ƙasar da jak ya taka ita ma abin dubawa ce. Ƙafar jak 'yar ƙarama ce, nauyi mai yawa yana taruwa a wuri kaɗan. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma a wannan lokaci jar ƙasar da ta yi tauri da rani takan jiƙe ta yi laushi daga ciki ko da samanta ya bushe. Jak yakan nutse a hankali. Mai mashin ya shiga shago ko masallaci ya bar shi tsaye lafiya, ya fito ya tarar da shi kwance. A bazara kuma, watannin Maris da Afrilu, kwaltar da ta sha rana tana iya yin laushin da jak zai huda ta. Maganin ba shi da tsada: guntun katako, ko faffaɗan dutse, ko gwangwanin da aka take, a sa a ƙarƙashin jak.

Gangara tana da nata sharaɗin. Jak yana naɗewa ne ta baya, saboda haka mashin da aka kafe yana kallon gangara, giya kuma tana furi, idan ya ɗan gangara gaba kaɗan jak ɗin zai koma mazauninsa. Daidai shi ne a juya kan mashin ya kalli tudu, a bar shi a giya ta ɗaya.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma ana gina titi tsakiyarsa ta fi gefensa tudu don ruwa ya gangara kwata. Wanda ya kafe mashin a bakin titi yana bin hannunsa, jak ɗinsa na hagu yana taka ɓangaren da ya fi tudu ke nan. Sai mashin ya tsaya kusan a miƙe, bai kwanta a kan jak yadda ya kamata ba, iskar babbar mota ko wani ya goge shi da kaya ta isa ta tura shi dama, inda babu abin da zai tare shi. A wuraren da ake jera babura da yawa kusa da juna, kamar harabar masallacin Juma'a ko bakin kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, faɗuwar guda takan kwashe na kusa da shi.

Babban jak na tsakiya ya fi aminci a kan siminti, amma wajen ɗora mashin a kansa da sauke shi ake faɗuwa, musamman idan ƙafarsa ɗaya ce ta taɓa ƙasa. Shi kuma ƙaramin jak da aka manta ba a ɗage ba, yana jiran kwanar hagu ta farko ne ya daki ƙasa. Manyan babura na zamani suna da na'urar da ke kashe inji idan an sa giya jak yana ƙasa, amma da yawa daga cikin ƙananan ba su da ita.

Birkin gaba a cikin kwana

Idan kan mashin yana murɗe, tafiya kuma ta hankali ce, damƙe birkin gaba da ƙarfi yana kayarwa nan take. Tayar gaba ta tsaya cak, gaban mashin ya dunƙusa, nauyin da ke tafe kuma ya zube ta ɓangaren da aka murɗa kan. Haka ke faruwa ga mai juyawa a tsakiyar titi da ya hango mota, da mai kutsawa tsakanin motoci a cunkoson Kwangila ko PZ, da mai shan kwana a lungunan Birni da yaro ko akuya ya faɗo masa. Hannun dama yana kai wa birki cafka kafin tunani ya zo.

A irin wannan tafiya birkin ƙafa ne abokin aiki, tare da riƙe kuloci rabi da ɗan totur, ido kuma yana kallon inda za a fita, ba ƙasan taya ba. Idan tsayawa ta zama dole, a miƙe kan mashin tukuna. Mutuwar inji a tsakiyar kwana ma haka take kayarwa, domin ƙarfin da ke jan mashin ya ɗauke daidai lokacin da yake a karkace. Sakin kuloci da gaggawa ko shiga kwana da babbar giya ne ke jawo ta.

Tsoron wannan faɗuwa ya sa wasu mahaya sun ƙaurace wa birkin gaba gaba ɗaya, wasu ma ba sa gyara shi idan ya lalace. Wannan kuskure ne mai haɗari fiye da abin da ake gudu, domin idan ana cikin gudu a miƙaƙƙiyar hanya birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa.

Inda ƙafa ke sauka

Mutum ya tsaya daidai, ya sauke ƙafa, ƙafar ta rasa ƙasa. Bakin kwalta da ruwa ya zaizaye, ramin da ruwa ya rufe, gefen kwata, duk suna sa ƙafa ta yi nisa kafin ta taka, kafin nan mashin ya riga ya wuce matakin da za a iya riƙe shi. Gajeren mutum a kan dogon mashin ya fi shiga wannan. Wani lokaci kuma ƙasar tana nan amma ba ta riƙe ƙafa: yashin da ruwan sama ya tara a bakin titi, tsakuwa, baƙin mai a gaban garejin makanikai, dizal a gidan mai, ruwan wanki da gansakuka a lungu. Silifas ɗin roba da ya suɗe yana ƙara santsi. Ruwan farko na damina ya fi kowanne sulɓi, saboda yana taso da ƙura da man da suka kwanta a kan kwalta tsawon rani. Ƙarfen layin dogo, irin wanda ya ratsa ta ɓangaren Sabon Gari, idan ya jiƙe yana kwashe tayar da ta hau shi a karkace, don haka ake tsallaka shi a miƙe.

Ƙwararru sukan sauke ƙafar hagu, su bar ta dama a kan birki, amma ainihin abin shi ne duba wurin tsayawa tun kafin a iso shi.

Goyo da kaya

Fasinjan da ya taka mataki ya hau ba tare da ya faɗa ba yana ɗora nauyinsa duka a gefe ɗaya, alhali mai tuƙi bai kafa ƙafafunsa ba. Sauka ba zato ma haka. Ɗan acaɓan da ya san aikinsa yakan riƙe birki, ya kafa ƙafa biyu, sannan ya ce, "Bismillah Hajiya, hau." Macen da ta zauna a karkace, ƙafafunta biyu a gefe guda, tana sa mashin ya rinjaya can, dole mai tuƙi ya san da haka tun kafin ya tashi. Bakin hijabi ko zani ko gyale da ke lilo kusa da tayar baya yana iya naɗewa a cen ko a cikin wayoyin tayar, kuma wannan ko a tafiyar hankali yana fizgo mai shi ƙasa. Ya kamata mai tuƙi ya waiwaya ya ce a tattare, ko da fasinjar ta girme shi. Kunya ba ta da wuri a nan, balle idan da goyon jariri.

Buhun masara kilo 100 ne, kusan nauyin mashin ɗin kansa. Idan aka ɗaure shi can baya a kan kariya, tayar gaba takan yi sakayau, kan mashin ya riƙa rawa. Jarkokin ruwa ko na mai da ba su cika ba sun fi wuyar sha'ani, domin abin da ke ciki yana kai da komo bayan mashin ya tsaya. Da kaka, lokacin da ake kwaso amfanin gona daga ƙauyukan kewaye, irin wannan faɗuwa takan yawaita a hanyoyin da ba kwalta.

Shigar da mashin gida

Saboda ɓarayi, mutane da yawa ba sa barin mashin a waje da dare. A tsofaffin gidajen Birni hanyar shiga ita ce zaure, ga dokin ƙofa, ga kwata a gabansa, ga ƙofofin da ba sa kallon juna, sai an murɗa kai a wuri matsattse. Akan ɗora katako a tura mashin a kai, sau da yawa cikin duhu, bayan gajiyar wuni. Katakon ya zame, ko mashin ya tsaya a tsakiya ya fara dawowa, ko wanda ya kunna inji don ya taimaka masa ya murɗa totur fiye da kima. Ƙa'idar turawa ita ce mashin ya ɗan jingina ga jikin mai tura shi, yatsu biyu a kan birkin gaba. Idan ya karkata ɗaya ɓangaren, babu abin da hannu zai iya. Jan mashin da baya yana saurin kai shi can.

Sauran dalilan ƙanana ne, mantuwa ce ke haɗa su: kwaɗon da aka datse a taya aka manta, tayar da mashin yana cikin giya, bakin wando ko babbar riga da ya maƙale a kik daidai lokacin sauke ƙafa, yara da ke hawa mashin da aka kafe.

Ɓarna da yadda ake ɗagawa

Abin da ya fara taɓa ƙasa shi ke karyewa: hannun birki ko na kuloci, madubi, tarafiketa, matakin ƙafa, sandar giya, wani lokaci tanki ya lotsa. Fetur yakan tsiyaya daga kafireto ko murfin tanki. A jikin mutum kuwa, idon sawu da gwiwa da wuyan hannu ne suka fi jin jiki, sai ƙunar salansa, wadda a yawancin waɗannan babura take gefen dama. Ƙunar tana bukatar a zuba mata ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba man goge baki ko baƙin mai ba. Kai ma yana iya bugun bakin kwata ko da daga tsaye aka faɗi, shi ya sa hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sawa a farkon 2009, take da amfani har a tafiyar cikin unguwa. Rauni mai yawa yana zuwa ne daga ƙoƙarin tare mashin da ya riga ya tafi. Idan ya wuce riƙo, a janye ƙafa a bar shi.

Kafin ɗagawa a kashe inji, a rufe makunnin mai, a tabbatar mashin yana cikin giya don kada ya gangara. Idan ta dama ya faɗi, a fara buɗe jak don ya tare shi idan ya miƙe. Mai nauyi ana juya masa baya ne, a durƙusa, hannu ɗaya riƙe da kan mashin, ɗaya a kariya, a tura da ƙafafu ba da ƙugu ba. Inji yakan ƙi tashi na ɗan lokaci saboda man da ya cika kafireto, sai an ɗan jira. Kafin a hau, a matsa birkin gaba da na baya a ji sun kama, a duba ko kan mashin ya karkace, a kuma murɗa totur a sake shi a ga yana komawa da kansa.