Ƙaguwar fatalwa: ma'anar sunan da sirrin raminta

Duk wanda ya taka gaɓar teku mai yashi da sassafe a ƙasashe masu zafi ya ga ramukan nan zagayayyu, wani kamar bakin kwalba, wani ya kai bakin kofi, kowanne da ɗan tsibin yashi a gefe da sawun ƙafafu kamar an ja tsinke. Mai ramin kuwa ba a cika ganinta ba. Ko ka hango ta, kafin ka ɗaga ƙafa ta yi zuruf ciki. Ita ce ƙaguwar fatalwa.

Abu biyu suka ja mata sunan: jikinta fari-fari ya saje da yashi, kuma da dare take harkokinta. Masana suna kiran danginta Ocypode, kalmar Girkanci mai nufin mai saurin ƙafa, kuma ba su yi ƙarya ba, don an auna wata tana cin mita 2 cikin daƙiƙa guda, a gicciye ma. Sun kai iri 20. Ta Yammacin Afirka da gabashin Bahar Rum, Ocypode cursor, da tukkun gashi a kan idanu ake gane ta.

To me ya kai ta haƙa? 'Yar ruwa ce da ta tare a tudu. Abin numfashinta irin na kifi ne, in ya bushe ta mutu. In kuma ta daɗe a nutse, nan ma ajali ne. Ramin ne ya raba wannan gardama. Da tsakar rana saman yashi yana ƙona tafin ƙafa, amma can ƙasa akwai sanyi da danshi, shi ya sa manyansu sukan nutsa har fiye da mita 1. Tsakanin ƙafafunta akwai wani gashi da take dannawa a jiƙaƙƙen yashi, ya tsotso ruwa kamar lagwani ya kai wa abin numfashin. In rana ta take, takan toshe bakin ramin ta kwanta abinta.

Haƙar ma abin kallo ce. Za ta dunƙule yashi ta rungumo shi da ƙafafun gefe guda, ta leƙo da idanun nan nata masu kama da sandar ashana, in ba motsi ta fito ta watsar, ta koma. Haka za ta yi ta safa da marwa. Masu bincike sukan dama filasta, wani farin gari mai daskarewa kamar siminti, su zuba a ramin, in ya daskare su tono shi, sai ga siffar harafin J, ko Y mai reshe biyu. Ƙanana kusa da ruwa suke gini, manya su hau can sama inda igiyar ruwa ba ta cika kaiwa ba. A gaɓar Bahar Maliya kuwa namijin Ocypode saratan ba ya watsar da yashinsa, tara shi yake kamar dala a ƙofar gida domin mata su hango. Neman aure ke nan na ƙaguwa.

Kada a ɗauke ta salihar baiwar Allah. Da dare tana cin mushe da ƙananan halittun gaɓa, har da ƙwai da jariran kunkurun teku.

Inda ramin ya fi yi wa mutane amfani shi ne ƙidaya. Kama ƙaguwa mai saurin gudu haka wahala ce, amma rami ba ya gudu, kuma faɗin bakinsa yana nuna girman mai shi. Saboda haka masu nazarin muhalli ramuka suke ƙirgawa don sanin lafiyar gaɓa. Inda motoci suke bi kan yashi, ko ake share shi da injin, ko jama'a suke tattake shi dare da rana, ramukan sukan ragu ƙwarai, musamman in da dare motocin suke wucewa, lokacin da masu gidan suke waje neman abinci.