Sanyin kasuwar masu firam ɗin hoto bayan Kirsimeti

Sanyin kasuwa bayan Kirsimeti shi ne ja da bayan da ciniki ke yi a ƙananan shagunan sa wa hoto firam, daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har farkon Maris. An fi saninsa a Birtaniya, Ayalan, Amurka da Kanada, inda hoton da aka yi wa firam yake cikin kayan kyautar biki. Shagunan da ake nufi su ne masu aiki bisa awo: mutum ya kawo hoto, takardar shaida, zane ko rigar ƙwallo, a auna, a yanka sanda da kwali da gilashi daidai da abin. Yawancinsu na mutum ɗaya ne ko biyu, kuma jarinsu ba ya da kauri. Ƙarancin masu shigowa a Janairu ba shi ne ke karya irin wannan shago ba. Abin da ke karya shi shi ne a daidai wannan wata ake bin sa kuɗin kayan da ya ci a Nuwamba da Disamba, ga haya, ga haraji.

Abin da ke kawo shi

Firam ba abinci ba ne, ba magani ba. Hoto yana iya shekara a aljihun tebur bai lalace ba, don haka in aljihu ya yi sauƙi, shi ake fara ɗagawa. A Janairu mutane na biyan bashin katin banki da suka ci a biki, ga kuɗin ɗumama gida, kamar dai yadda kasuwar tela kan kwanta bayan sallah. Ban da haka, Kirsimeti kan janyo aikin watannin gaba ya zo da wuri. Wanda da zai kawo hoton aurensa a Fabrairu sai ya kawo a Nuwamba don ya same shi kafin baƙi su zo.

Ba a ranar 26 ga Disamba kasuwar ke tsayawa cak ba. Makon farko da na biyu na Janairu akan sami masu kawo zane ko hoton da aka ba su kyauta babu firam, da masu riƙe da takardar kyauta ta shagon, wato takardar da wani ya biya kuɗinta ya ba su don a yi musu aiki a shagon. Wannan takarda tana ruɗin mai shago: kuɗinta ya shiga a Disamba, an kashe shi, amma sanda da gilashin aikin a Janairu za a saye su. Bashi ce a kan shago har ranar da aka yi aikin, kuma haka ya kamata a rubuta ta a littafi.

Inda kuɗi ke maƙalewa

Masu sayar da sanda da kwali a sari sukan ba shago kwana 30 ya biya. Kayan da aka yi oda a tsakiyar Disamba, lokacin da aiki ya fi yawa, biyansu na faɗowa a tsakiyar Janairu, lokacin da ciniki ya fi ƙaranci.

A Ingila akwai tsohuwar al'adar biyan hayar shago sau huɗu a shekara, a gaba: 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba. Shagon da yarjejeniyarsa ke kan wannan tsari yana fitar da hayar wata uku a ranar bikin kanta. Sai 31 ga Janairu, ranar ƙarshe ta biyan harajin masu aikin kansu a Birtaniya, kuma ba na shekarar da ta wuce kaɗai ake biya ba, har da kason farko na shekarar da ake ciki. Shagon da ke da rajistar harajin VAT, mai kashi 20 cikin 100, in zangon lissafinsa na wata uku ya ƙare 31 ga Disamba, zai biya zuwa 7 ga Fabrairu, a kan cinikin watannin da suka fi kowane albarka. A Amurka kason ƙarshe na harajin ƙiyasi na masu aikin kansu yana faɗowa 15 ga Janairu.

Saboda haka kuɗin da ke akwatin shago ranar 24 ga Disamba ba duka ne na mai shago ba. Masu daɗewa a sana'ar tun Oktoba suke lissafin haya, albashi, wuta, inshora da haraji na wata uku, su riƙa cire wani kaso daga cinikin kowane mako zuwa asusu daban. Suna kuma karɓar kafin alƙalami, galibi rabin kuɗin aiki, wanda kan rufe kuɗin kaya tun ba a taɓa wuƙa ba.

Guntayen sanda

Wani babban ɓangare na ribar Disamba yana jingine a bango. Sandar firam tana zuwa da tsawon kusan mita 3. Don sanin abin da firam zai ci, a haɗa tsawo da faɗi a ninka biyu, sannan a ƙara faɗin sandar sau takwas, domin kowace kusurwa tana da yanka biyu na digiri 45. Misali, aiki mai santimita 40 da 50 a sanda mai faɗin santimita 3 zai ci 180 da 24, wato 204, ban da milimita 2 zuwa 3 da ake ƙarawa a kowane awo don gilashi da kwali su sami wurin motsi. Abin da ya rage a sandar bai kai mita ɗaya ba, ba zai yi wani irinsa ba. Bayan wata biyu ana haka, guntayen sun cika kwandon.

Janairu ne lokacinsu. Wannan guntun zai fitar da firam na hoto mai santimita 13 da 18, wanda ke cin 86. Haka ake yi da tsakiyar kwalin da aka fafe da ragowar gilashi mai kaurin milimita 2, a fitar da ƙananan firam na ajiya a awon da mutane suka saba, har da na A4 don takardun shaida. Ba za su kayar da na IKEA, babban kamfanin sayar da kayan ɗaki, a farashi ba, kuma kuskure ne a gwada. Amfaninsu shi ne an riga an biya kayan, duk abin da aka samu tsabar kuɗi ne. Abin lura ɗaya: sanda mai lamba ɗaya daga oda biyu kan bambanta a launi, don haka ɓangarori huɗun su fito daga sanda ɗaya ko oda ɗaya.

A wannan lokacin kuma ake ƙidayar kaya, a sauke samfurin da ake nuna wa masu saye na duk sandar da kamfani ya daina yi. Shagon da kuɗinsa ya yi ƙasa kan koma sayen sanda yankakkiya daidai awo daga wurin mai sari. Ta fi tsada a kowace mita, amma babu guntu, babu ajiya.

Sanyi da busasshiyar iska

Lokacin ya zo daidai da tsakiyar hunturun ƙasashen, kuma shagon da ke tsimin kuɗi kan kashe hita. Gam ɗin katako fari, wanda ake kira PVA, ba ya kamawa da kyau in sanyi ya yi ƙasa da kusan digiri 10. Yakan bushe fari kamar alli, kusurwar ta yi kamar ta haɗu, sai ta buɗe bayan makonni. Ƙusar nan mai siffar V da injin haɗa kusurwa ke turawa ta baya aikinta riƙe haɗin har gam ya kama, ƙarfin haɗin yana ga gam ɗin.

Ɗumama ɗaki kuma yana busar da iska. Katako yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, shi ya sa kusurwar kan buɗe ta ciki, irin yadda ƙofar katako ke yi a iskar hunturu. Takarda ita ma tana kumbura da laima ta tsuke da bushewa, kuma in an manne ta ta gefe huɗu sai ta yi tudu-tudu a bayan gilashi. A liƙa ta ta sama kawai, a wuri biyu. Laimar da ake so a ɗakin aiki tsakanin kashi 40 ne da 60 cikin 100. Sandar da aka sauke daga mota mai sanyi a bar ta kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kafin a yanka, a kwance ko a tsaye da madogara, nesa da hita.

Gyaran injuna

Wuƙaƙen injin yankan kusurwa, irin na Morsø da ake ƙerawa a Denmark, biyu ne, kuma tare ake kai su wurin mai wasa su. Dakusasshiyar wuƙa tana murƙushe katako, tana ɓantare fentin fuska. Bayan an mayar da su, a yanka guda huɗu masu tsawo ɗaya a haɗa. Kuskuren kwatan digiri a yanka ɗaya yana maimaituwa sau takwas, ya zama digiri 2 a kusurwar ƙarshe. A injin haɗa kusurwa a goge busasshen gam, a zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfreso. A mayankin kwali a daidaita zurfin reza ta yadda bakinta zai ɗan karci kwalin da ke ƙasa kawai, domin in ta yi zurfi takan lanƙwasa a farkon yanka.

Akwai kuma neman ilimi. Ƙungiyar Fine Art Trade Guild ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1910, da Professional Picture Framers Association ta Amurka, ta 1971, dukansu suna da jarrabawar ƙwarewa. Manyan baje kolin sana'ar ma a farkon shekara aka saba yin su, kamar Spring Fair a Birmingham cikin Fabrairu.

Rangwame da neman aiki

Rangwame shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, kuma lissafinsa ba ya da daɗi. A ce aikin fam 100 ne, kayansa fam 30, saura 70. In aka rage kashi 20, saura 50. Sai aiki ya ƙaru da kashi 40 cikin 100 kafin a dawo inda ake, a watan da mutane ba sa shigowa. Kuma wanda ya ga ragi a Janairun bana zai riƙe hotonsa har Janairun baɗi. Ragi ya fi ma'ana in an tsayar da shi a kan sandar da aka daina yi ko wadda ta daɗe a ajiye.

Abin da ke cike gurbin sosai shi ne aikin da bai san Kirsimeti ba: otal, asibiti, ofis, makaranta, masu ƙawata gida, masu ɗaukar hoto, da masu zane da ke shirin baje kolin bazara. Ribar kowane guda ta fi ƙanƙanta, biyan kuma kan yi jinkiri, don haka a rubuta ranar biya tun farko. Tsofaffin abokan ciniki kuma ana iya tuna musu da canza gilashin tsohon firam zuwa mai tare hasken da ke kashe launi, ko canza kwalin da bakinsa ya yi ruwan ƙasa saboda asid.

Aikin da ba a zo karɓa ba

Kusan kowane Janairu akan sami firam da aka gama kafin biki, mai shi bai dawo ba. Hoton ba na shago ba ne. A Ingila da Wales dokar 1977 kan kayan da aka bari a hannun wani ta ce sai an aika wa mai kaya sanarwa a rubuce ta wasiƙa mai rajista kafin a sayar, kuma in ana bin sa kuɗi, wa'adin ba zai gaza wata uku ba. Shi ya sa ake rubuta cikakken adireshi a takardar oda, ba lambar waya kaɗai ba.

Farfaɗowa

Ranar masoya, 14 ga Fabrairu, tana kawo ƙananan ayyuka. A Birtaniya ranar uwaye galibi a Maris take, a Amurka kuwa Lahadi ta biyu a Mayu. Daga nan sai takardun kammala jami'a, hotunan aure da masu sauya gida. A Ostareliya Janairu tsakiyar zafi ne da dogon hutun makaranta, mutane na tafiye-tafiye, kuma wasu shagunan kan rufe na mako biyu ko uku.