Kaboyin Turai: tambayoyin da na gaji da amsawa

Mako ba ya wucewa sai wani ya sake jefo min ɗaya daga cikin tambayoyin nan a kan fina-finan kaboyi na Turai. Na tara su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai ba a Amurka aka yi su ba?

A'a. Italiyawa ne suka yi mafi yawansu, daga 1964 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Ƙungurmin dajin da kake gani galibi hamadar Tabernas ce, a lardin Almeriya na kudancin Sifaniya.

To Clint Eastwood fa?

Ba'amurke ne, ɗauko shi aka yi. A lokacin ɗan wasan talabijin ne kawai, dala 15,000 aka biya shi a fim ɗinsa na farko da darakta Sergio Leone, *A Fistful of Dollars* na 1964. Shi kansa Leone ɓoye sunansa ya yi, ya sa Bob Robertson, don 'yan ƙasarsa su ɗauka kayan Amurka ne.

Farkon *Once Upon a Time in the West* ya yi sanyi. In tura gaba?

Kada ka kuskura. Mutum uku ne ke jiran jirgin ƙasa, kusan minti goma ba wata magana. Ƙuda na damun ɗaya a gemu har ya rufe shi a bakin bindiga. Ruwa na ɗiga a kan ɗaya, ya sa malafa ya tare, daga baya ya shanye. Injin jan ruwa na ta ƙara. Wanda ya tsallake wannan don ya kai wurin harbi, ban san me ya zo kallo ba.

Na Turanci zan nema ko na Italiyanci? Wanne ne na asali?

Wannan kam tana da wuya, kuma duk wanda ya ba ka amsa a kalma ɗaya bai yi maka adalci ba. Da farko kwantar da hankalinka: in ka ga baki ba ya tafiya da magana, faifanka lafiya lau. Galibi ba a ɗaukar murya a wurin aiki. Ba'amurke ya yi Turancinsa, Ba'italiye ya amsa da nasa harshen, ɗan Sifaniya ma haka, daga baya a shiga ɗaki a ɗora muryoyi. Ke nan kowanne ka ɗauka, an yi wa wani aron baki.

Abin da nake yi shi ne in duba manyan 'yan wasan. In Eastwood ne da Lee Van Cleef da Eli Wallach, na Turanci, don muryoyinsu ne na gaske. In *Django* ne, na fi son na Italiyanci da fassara a ƙasa, don na Turancin ya rage wa maganganun kaifi. Amma ko wannan ba ƙa'ida ba ce, don akwai maganar tsawo. *The Good, the Bad and the Ugly* da aka nuna a Amurka an yanke shi zuwa minti 161. A 2003 aka mayar da abin da aka cire, Eastwood da Wallach suka sake ɗora murya suna tsofaffi, Van Cleef kuwa ya rasu tun 1989, sai wani ya kwaikwaye shi. Kunne na jin bambancin. Wasu abin na ɓata musu rai, wasu sun gwammace cikakken labari. Ni dai ina ganin mai kallon farko ya fara da gajeren, amma in dogon ne ya zo hannunka, kalli abinka, ba ka yi asara ba.

Gaskiya ne Leone kwafa ya yi?

Gaskiya ne. Labarin fim ɗin 1964 na *Yojimbo* ne, wanda Akira Kurosawa na Japan ya yi a 1961. An kai ƙara, an biya.

Na sayi Django amma ban ga Franco Nero ba.

Sunan ka saya. Na ainihin shi ne na Sergio Corbucci, 1966, inda Nero ke jan akwatin gawa cikin taɓo, ashe mashinga ce a ciki. Da ya samu karɓuwa, fina-finai sama da talatin suka liƙa sunan don a saya. A riƙa duba sunan darakta mana!

Italiyawa kaɗai ne?

Jamusawa sun riga su. Tun 1962 suke yin fina-finan kaboyi na wani jarumi mai suna Winnetou a tsohuwar Yugoslabiya, kuma kuɗin da suka kawo na cikin abin da ya zaburar da Italiyawa.

Zan iya kallo da yara?

Ban da *Django*. Akwai inda ake yanke wa mutum kunne a cusa masa a baki, kuma sai 1993 Birtaniya ta ba da izinin nuna fim ɗin. Nemo musu *They Call Me Trinity* na 1970, na Terence Hill da Bud Spencer. Mari ne da naushi da cin wake a kasko, za su yi ta dariya.