Kundin "21" na Adele: ina ya yi zarra, ina ya gaza?

Me lambar 21 take nufi?

Shekarun mawaƙiyar ne lokacin da ta rubuta yawancin waƙoƙin. Adele 'yar Tottenham ce a arewacin Landan, an haife ta a 1988, kuma kundinta na farko ma "19" ta sa masa. Wannan na biyu ya fito a Janairun 2011 da waƙoƙi 11, kusan dukkansu a kan rabuwarta da saurayinta.

To, ina ƙarfinsa yake?

A maƙogwaronta. Murya ce mai kauri da 'yar dusashewa, irin ta wadda ta kwana tana kuka ta wayi gari tana magana. Ka saurari "Someone Like You": babu ganga, babu jita, sai fiyanon Dan Wilson, mawaƙin da suka rubuta waƙar tare, yana bin ta a hankali. Idan ta hau sama a wurin amshi, muryar tana ɗan rawa kamar za ta tsinke, kuma ba a gyara wannan a situdiyo ba, an bar shi yadda yake. A bikin lambobin yabon mawaƙa na Birtaniya, wato BRIT, na Fabrairun 2011 ta rera ta daga ita sai mai fiyano, ta ƙare idonta cike da ƙwalla. Kafin mako ya zagayo waƙar ta zama ta ɗaya a Birtaniya.

"Rolling in the Deep", wadda suka haɗa da furodusa Paul Epworth, ita kuma fushi ne zalla. Gangar tana sauka dam-dam kamar ana daka a turmi, 'yan amshi suna mara mata baya irin na cocin baƙaƙen fatar Amurka. Wadda aka yaudara ce take faɗa, ba ta roƙo.

Raunin fa?

Yana tsakiya. Kundin ya buɗe da zafi ya rufe da hawaye, amma daga "He Won't Go" zuwa "One and Only" sai kiɗan ya koma ba yabo ba fallasa. Makaɗan ƙwararru ne, komai tsaf, sai dai da an gama ka manta. Wani ɓangare an naɗe shi ne a Malibu ta Amurka tare da fitaccen furodusa Rick Rubin, kuma ita da kanta ta ajiye wasu daga cikin abin da aka yi can ta koma kan naɗin farko. A kunnena ta yi gaskiya, har ma da ta ƙara ragewa. "Lovesong", wadda asalinta ta ƙungiyar mawaƙa The Cure ce ta 1989, ta sassauta ta har ta yi sanyi ƙalau, ta kuma ja ta fiye da minti 5. "Set Fire to the Rain" kuwa an cika mata gogen Turawa har gishirin ya so ya yi yawa, ko da yake na san masoyanta ba za su yarda da ni ba.

Baitocin suna da zurfi?

Ba sosai ba. Kalmomi ne masu sauƙi, zance ɗaya ake ta juyawa: ya tafi, na yi kewa, zai yi da-na-sani. Ka karanta su a takarda, wasu ba za su motsa ka ba. Bakin da ya furta su ne ya ba su nauyi.

Amma ai ya sayu ƙwarai, wannan bai isa hujja ba?

Ya sayar da kwafi sama da miliyan 30, ya yi mako 24 a saman jadawalin Billboard na kundayen da suka fi sayuwa a Amurka, Adele kuma ta kwashi lambobin yabon waƙa na Grammy 6 a dare ɗaya a 2012. Duk gaskiya ne. Sai dai a tuna ya zo ne lokacin da kiɗan rawa na kwamfuta ya cika gidajen rediyo, mutane suna ƙishin muryar ɗan Adam. Waƙoƙi huɗu ko biyar ne suka ɗauki nauyin sauran.

Shin irin wannan rerawa ba ta cutar da murya?

Ta cutar da tata. A 2011 jini ya tsattsafo a tantanin muryarta, ta soke wasanni, aka yi mata tiyata a Boston a watan Nuwamba. Ta yi makonni ba ta ko magana. Waƙar da ta fara dawowa da ita kan dandamali, a daren Grammy ɗin nan, ita ce "Rolling in the Deep", kuma layukan farko babu kiɗa ko kaɗan ta rera su.